Darasi Na Sha Huɗu: Libar Giyar Babur Da Illolinta

Duk wanda ya san ƙasar Kafin Hausa, ya bi hanyoyinta tun daga jigayin rairayi na tudu har ya gangara fadamun da kogin Haɗeja da rassansa ke shayarwa, ba ya bukatar a kafa masa hujja cewa a wannan zamani babu abin hawan da ya kai babur amfani ga talaka, domin shi ne ke kai manomi gonar shinkafarsa tun kafin rana ta fito, shi ne ke fito da buhun riɗi daga ƙauye zuwa bakin titi, shi ne ke kai kifi kasuwar Haɗeja kafin ya lalace, kuma shi ne ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare a watan Agusta, sa'ad da ruwa ya yanke hanya, mota ba ta da ikon shiga. Tun da aka kafa jami'ar jiha a garin nan a shekarar 2013, wadda yau ake kira Jami'ar Sule Lamido, zirga-zirga ta daɗa yawa, samari da dama kuma suka riƙi acaba sana'a. Saboda haka sanin babur ya shiga cikin ilimi mai amfani, wanda bai kamata magidanci ya bar wa makanike shi kaɗai ba.

A darussan da suka gabata mun yi bayanin birki da sarƙa. Yau za mu tsaya a kan wani ɗan ƙarfe da ido bai cika kula da shi ba, wato libar giya, wadda ke gaban matakin ƙafar hagu, wadda mahayi ke takawa a kai a kai har ba ya sanin ya taka. Abin da ake so ɗalibi ya riƙe shi ne, mafi yawan ciwon giya daga waje yake farawa, a wurin da ido ke gani, hannu ke kaiwa, sifana guda ke gyarawa, sa'an nan sakaci da nuna ƙarfi su tura shi cikin inji, inda gyara ke cin kuɗi da kwanaki.

Yadda aka gina ta

Libar nan tana ɗaure ne a bakin wata sandar ƙarfe wadda ta ratsa inji daga hagu zuwa dama. A bakin sandar an yanka ƙananan haƙora kewaye da ita, a cikin ramin liba ma an yanka irinsu don su shiga juna, sa'an nan aka tsaga gefen ramin, aka sa noti guda wanda in an ɗaure shi tsagar za ta matse, haƙora su kama haƙora. A yawancin ƙananan baburanmu sifana mai lamba 10 ce ke kama wannan noti. Idan ka taka liba sandar takan juya kaɗan, wani hannu da ke ɗaya bakin nata, can a bayan kuloci, ya tura ko ya janyo wani ƙarfe mai siffar tauraro, tauraron kuma ya juya wani ƙarfe mai siffar ganga. A gangar nan hikimar take. An sassaƙa mata kwaruruka masu karkacewa a jikinta, wasu ƙarafa masu yatsu biyu suna bin kwarurukan kamar yadda ruwa ke bin lambatun da mai lambu ya tsaga masa, ba ya zuwa sai inda aka nufe shi, su kuwa ƙarafan su ne ke tura giyoyi hagu ko dama har ƙahonin wannan su faɗa cikin ramukan waccan. Da ka ɗauke ƙafa sai wani sifirin ya komo da liba mazauninta, wani ƙaramin hannu mai sifirin kuma ya danne tauraro don kada ganga ta motsa sai an sake takawa.

Daga wannan bayani ɗalibi zai fahimci cewa taki ɗaya giya ɗaya yake bayarwa, kuma in bai saki liba ta koma mazauninta ba, ba za ta kama giya ta gaba ba ko da ya hau kanta da dukan nauyinsa. Zai kuma fahimci cewa ƙarfin da aikin ke bukata kaɗan ne ƙwarai, wanda babban yatsan ƙafa ya isa ya bayar. Duk sa'ad da giya ta nemi fiye da haka, to, akwai sababi, kuma sababin ake nema.

Wannan tsari bai zo tare da babur tun farko ba. Baburan farko da hannu ake sa musu giya, da wata sanda a gefen tanki, mahayi ya saki kan babur da hannu ɗaya yana cikin tafiya. A ƙarshen shekarun 1920 ne wani injiniya mai suna Harold Willis, na kamfanin Velocette da ke Birmingham a Ingila, ya fito da dabarar taki ɗaya giya ɗaya, sauran kamfanoni suka bi sahu. Amma an daɗe ba a yi ittifaƙi a kan ɓangaren da za a sa liba ba, domin baburan Ingila irin su BSA da Triumph a dama suke sa ta, na Japan kuwa galibi a hagu, har sai da hukumar Amurka ta shar'anta a tsakiyar shekarun 1970 cewa babur ɗin da za a sayar a ƙasarta giyarsa ta kasance a hagu, birkin baya a dama, sa'an nan masu ƙira suka daidaita. Dattawanmu da suka hau Vespa sun san ita a hannun hagu ake murɗa giyarta. Har yau kuma jerin giyoyi bai zama ɗaya ba: wani babur duka ƙasa ake takawa, wani ta ɗaya ƙasa sauran sama, wani kuwa zagaye yake yi, daga ta ƙarshe ya komo firi. Don haka wanda ya ari babur ɗin da bai saba da shi ba, ya tambayi mai shi jerin giyarsa kafin ya tayar, domin mutumin da ya nufi ƙara giya ya rage ta bisa kuskure yana cikin gudu, tayar baya na iya cijewa ta kayar da shi.

Kwancewar noti

Wannan ita ce uwar illoli a ƙasarmu. Girgizar hanya ce ke kwance notin, hanyoyin burji da ke tsakanin Kafin Hausa da ƙauyukanta kuwa, da waɗanda ke ratsa fadama ta wajen Auyo da Miga, inda laka ke bushewa da rani ta bar sawun shanu da na amalanke daskare a ƙasa, ba su bar wani noti ya zauna lafiya ba. Alamar farko ita ce liba ta riƙa ɗan lilo sama da ƙasa kafin ta kama aiki. A wannan mataki magani bai wuce a ɗauki sifana a ɗaure ba, kuma ba ya cin ko kwabo. In aka ƙyale ta, kowane taki sai haƙoran liba su goga a kan haƙoran sanda, ƙura da yashi su shiga tsakani su taya su cin juna, har ranar da za ka taka ka ji ta zarce ƙasa ba ta kama komai ba, ko ma ka duba ka ga ta faɗi a hanya ba ka sani ba. Liba mai baki biyu, wadda ake taka gabanta da yatsu, bayanta da diddige, irin wadda ke kan yawancin baburan acaba kamar Bajaj Boxer, tana da falala ga mai takalmin silifa tun da ba sai ya ɗaga ƙarfe da bayan ƙafarsa ba, amma tana jarabtar mahayi ya riƙa dukanta da diddige, dukan diddige kuwa shi ya fi saurin cinye haƙora.

In haƙora sun fara cinyewa, a kwance notin a zare shi gaba ɗaya, domin yana kwance ne cikin wani ɗan kwari a jikin sanda, kuma muddin yana ciki liba ba za ta fita ba, ko da an sassauta shi. Mutane da yawa kan jahilci wannan su kama ɓamɓarar liba da sukundireba har su ɓata abin da bai ɓaci ba. Bayan an cire ta a wanke haƙoran biyu da kananzir da ɗan buroshi, a duba su a cikin haske. Sau da yawa na liba ne suka fara lalacewa, na sanda na nan da sauransu, sai a sayi sabuwar liba da sabon noti, magana ta ƙare. In kuwa an ɗaure noti har leɓɓan tsagar sun haɗu amma liba ba ta matse ba, makanike kan ƙara faɗin tsagar kaɗan da zarton ƙarfe don ta sami wurin matsewa, wannan kuma dabara ce mai kyau wadda ba ta cutar da komai.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne walda. Sai ka ga yaro ya tsaya gaban mai walda yana cewa, "Baba, ɗan ɗana mini wuta a nan, fasinja na jirana," cikin ɗan lokaci kuma an narka liba da sanda sun zama abu guda, ya tafi yana murna ya huta. Alhali kuwa a bayan wurin da aka ɗana wutar, tazarar da ba ta kai tsawon yatsa ba, akwai wani zoben roba da ke hana baƙin mai fitowa daga inji, zafin walda yakan ƙona shi, mai ya fara tsatsa, yashi ya manne a wurin. Sa'an nan a babura da yawa murfin da ke rufe ƙaramin haƙorin sarƙa ba ya fita sai an cire liba, ita kuma sandar ta ɓangaren dama ake zare ta, bayan an zubar da mai, an buɗe murfi, an sauke kuloci. Wanda ya yi walda ya rufe wa kansa waɗannan ƙofofi duka, ranar da gyara ya taso sai an yanke, sandar kuma ta tashi daga aiki. Mai walda mai tsoron Allah kan ce wa irin wannan yaro, "Ɗana, je ka wurin makanike tukuna, in ya ce babu sauran dabara ka dawo." Gaskiya ne lalura tana da hukuncinta, amma ko a tsakiyar daji akwai abin da ya fi walda sauƙi: a kama bakin sanda da filaya, a sa babur a giya ta biyu, a lallaɓa da kuloci har a iso gari.

Lanƙwasa

Babur in ya faɗi ta hagu, liba na cikin abin da ke fara taɓa ƙasa. Faɗuwa a rairayi ba baƙon abu ba ne gare mu, haka nan karo da kututture a hanyar gona, ko gogar gefen kwarin da amalanke ya haƙa. A shekarun da ruwa ya yi yawa, irin 2020 da 2022, lokacin da ambaliya ta yanke hanyoyi da dama a masarautar Haɗeja, mutane sun riƙa ɗora babura a kwalekwale don a ƙetar da su, babur ɗin da aka kwantar ta hagu kuwa nauyinsa a kan liba yake sauka. Liba lanƙwasasshiya takan gogi murfin inji ko matakin ƙafa, ta ƙi kaiwa iyakar takinta, giya ta shiga rabi.

Abin da aka saba gani shi ne mutum ya ɗauki dutse ya kama dukanta tana jikin babur, ko ya zura mata bututu ya ɓanƙare. Wannan kuskure ne babba, domin duk dukan da aka yi wa liba sanda ce ke karɓarsa, ta miƙa shi ciki zuwa ga hannu da tauraro da sifirin, waɗanda ba a ƙera su don ɗaukar duka ba. A cire ta tukuna, a miƙe ta a ƙasa ko a maƙera. Ta baƙin ƙarfe tana karɓar miƙewa, amma ta alminiyon takan tsage ko da ido bai ga tsagar ba, ta karye wata rana ana cikin tafiya, don haka ita sauya ta ake yi. In an mayar da liba miƙaƙƙiya amma har yanzu tana da tauri, ko ba ta komowa da kanta, ko mai na tsatsa a gindinta, to, sandar ce ta lanƙwashe, wannan kuwa aikin makanike ne.

Manyan baburan doguwar tafiya, irin su Harley-Davidson na Amurka da irin waɗanda 'yan sandan rakiya ke hawa a gaban jerin motoci, suna da ƙarin wani abu. Tun da matakin ƙafarsu ya yi nesa da akwatin giya, sai aka haɗa liba da sanda ta hanyar wani siririn ƙarfe mai gaɓa a kowane baki, gaɓar kuma ƙwallo ce a cikin kwasfa. Kowace gaɓa wuri ne na lalacewa: giris ya bushe, ƙura ta shiga, ƙwallo ya cinye, lilo kaɗan a nan da kaɗan a can su taru su zama lilo mai yawa a ƙafa, wata rana kuma ƙwallo ya fice daga kwasfarsa a bar mahayi a giya guda. A wasu babura siririn ƙarfen yakan zo da zaren dama a baki ɗaya, zaren hagu a ɗayan, don in an murɗa shi ya ƙara tsawo ko ya rage, a daidaita tsayin liba da ƙafar mai babur. Wanda bai san haka ba yakan ɗaure notin hagu yana zaton kwancewa yake yi, har ya karya shi. Maganinsu wanki da giris da duban notuna, da sauya gaɓar da ta yi sako-sako tun ba ta fice ba.

Inda liba ba ta da laifi

Da yawa mutum kan zo yana cewa giyarsa ta ƙi shiga, ko ta cije, ko firi ya ɓace masa, alhali laifin na kuloci ne. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce. A kashe inji, a ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya wadda ke ɗaga tayar baya, a riƙa juya tayar da hannu ana taka giyoyi ɗaya bayan ɗaya, domin ƙahonin giya ba su faɗawa ramukansu sai abin na motsi. In duka sun shiga lafiya a haka, amma da an tayar da inji sai tauri ya dawo, ko babur ya riƙa jan jiki gaba alhali an matse kuloci, to, kuloci ne ba ya saki sosai. A duba wayarsa ko ta miƙe, ko ta fara tsinkewa, ko tsatsa ta kama ta, a daidaita ta yadda bakin hannun kuloci zai yi wasan da ya kai milimita 10 zuwa 20 kafin ya fara ja. Babur roba-roba, wanda asalinsa Super Cub ne da kamfanin Honda ya fito da shi a 1958, ba shi da kuloci a hannu, libar giya ce da kanta ke sakin kuloci a cikin takinta, akwai kuma ɗan noti a murfin dama da ake daidaita shi da shi.

Sai baƙin mai. A irin baburanmu mai guda ne ke shayar da inji da kuloci da giyoyi, kuma bai cika wuce lita guda ba, don haka in ya tsufa, ko ya ragu, ko ya kasance na algus wanda aka ɗura a tsohuwar galan, ƙafa ce ke fara ba da labari. Wanda ya ratsa ruwa mai zurfi da damina ya zare ma'aunin mai ya duba, in ya ga launinsa ya koma fari-fari, ruwa ya shiga, a zubar da shi ran nan, kada a kwana. Sarƙar da ta yi sako-sako ma takan sa giya ta riƙa shiga da fizga.

In an bi waɗannan duka ba a sami sababi ba, sa'an nan ne ake maganar cikin inji. Libar da aka taka ta zauna ƙasa, ba ta goga komai, sandarta kuma a miƙe, sifirinta ne ya karye. Giyar da ke shiga sa'an nan ta fice da kanta ta koma firi sa'ad da aka ja totur, ko dai sifirin mai danne tauraro ya yi sanyi, wanda gyaransa ta murfin dama ne, ko kuwa ƙahonin giya sun sude, ko ƙarfe mai yatsu ya lanƙwashe, waɗannan kuwa sai an raba inji biyu. Abin da ke jawo su sananne ne: sa giya ba tare da kuloci ba, da taki na kasala wanda ba ya kaiwa iyaka, da ɗora ƙafa a kan liba ana cikin tafiya, da lodin buhu uku a kan abin da aka ƙera don mutum biyu.

Kada wani ya ɗauki wannan illa ta ƙarshe da sauƙi. Babur ɗin da giyarsa ke ficewa yana iya yin haka sa'ad da kake hawan jinga da kaya, ya koma da baya da kai, ko sa'ad da ka fito za ka wuce babbar mota a titin Haɗeja, wata na tahowa, ka ja totur ka ji inji na kuka a banza. Mutumin da ya hau bayanka ya ba ka amanar ransa ne, bai kuma san abin da ka sani game da babur ɗinka ba, don haka ɗaukarsa a kan abin da ka san yana da wannan aibi alhaki ne. Malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya kore riƙon sababi, wanda kuwa ya ga liba na lilo ya ƙyale ta, bai riƙi sababi ba. Shi ma makanike akwai haƙƙi a kansa: haramun ne ya raba injin mutum biyu don neman ladan aiki alhali ya san wayar kuloci ce ta miƙe, ko ya sa masa kayan gyara na jabu ya karɓi kuɗin na ƙwarai. Mai babur kuma kada ya tilasta masa sayen mafi araha, domin libar da aka yi da ƙarfe mai laushi haƙoranta ba su jure damina guda.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi mai babur, ko wanda ke da shi a gidansu, ya kama libar giya da hannu inji na kashe, ya girgiza ta sama da ƙasa da gefe, ya lura ko ita kaɗai ke motsi ko tare da sandarta, ya duba gindinta ko akwai danshin mai, sa'an nan ya rubuta abin da ya gani cikin jimla uku a littafinsa. Ya kuma rubuta jerin giyoyin babur ɗin tun daga firi har zuwa ta ƙarshe, da dalili biyu da suka sa aka hana walda. Ranar darasi mai zuwa wanda ke da sifana mai lamba 10 ya zo da ita, za a shigo da babur guda harabar makaranta, kowa ya cire liba ya mayar da hannunsa a gaban malam.